Atimiya ko Moyina ga 'ya'yan kifin ado

Malam, kan tambayarka ta ko ka sayi gwangwanin ƙwan Atimiya ko ka yi kiwon Moyina (dukansu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne da ake ciyar da jariran kifi da su) don 'ya'yan golfish ɗinka, wato kifin ado mai launin zinariya: ka yi Moyina, ka bar kuɗinka a aljihu.

Tawa a wani kududdufi na ɗebo ta, kan hanyar Dadin Kowa a jihar Gombe, da damina ta ja baya. Na tace ruwan da tsohon kallabin uwargida (har yau ana yi min gori a kai), na juye abin da ya rage a kwalba, na ɗaga ta saitin rana. Sai ga wasu 'yan ɗigo jajaye-jajaye kamar garin barkono suna ta zillo. Na zuba su a bahon da na jiƙa busasshen kashin kaji har ruwan ya yi kore shar. Kafin mako ya zagayo, safe da yamma nake kwasa, kamar ban taɓa ba. Dalili kuwa, macen kan yi ta haihuwa ba tare da namiji ba muddin akwai abinci. Babbarta da ƙyar take wuce milimita 1, jariranta ba su kai rabin haka ba. Kuma 'yar ruwan daɗi ce, wadda kifi bai ci ba tana nan da ranta, ba ta ɓata maka ruwa. Zafin Gombe ma bai dame ta ba. 'Yar'uwarta Dafniya kam, Afrilu na kamawa ta ƙare min tas.

Atimiya tana gina jiki, ban musa ba. Amma ta ruwan gishiri ce, da yawa daga cikin ƙwanta daga tafkin gishirin jihar Yuta ta Amurka ake kawowa, farashin kuwa yana bin dala. Kafin ƙwan ya ƙyanƙyashe sai ka zuba gishiri wajen giram 25 zuwa 30 a kowace lita, injin iska ya yi ta aiki kusan awa 24. Ni aka ɗauke min wuta da tsakar dare, na wayi gari da bokiti mai wari.

Sai dai ka lura, ruwan kududdufi taron kasuwa ne. Akwai rotifa, wasu halittun ruwa ƙanana sosai, su ne daidai bakin jariran da suka fara cin abinci, waɗannan alheri ne. Akwai kuma saikulof, wani ɗan ƙwaron ruwa mai ido ɗaya, macen tana jan jakar ƙwai biyu a baya. Yana far wa jariran kifi, kuma shi ne dai wanda ya riƙa sa wa mutanen ƙauyukanmu kurkunu ta ruwan sha. Tsutsar mazari ta fi shi ɓarna. Saboda haka kar ka juye ɗanyen ruwan kududdufi kai tsaye wurin kifi. Tsince Moyinar da sirinji, ka raine ta daban. Ka yi baho biyu, don wani lokaci ɗaya kan mutu dare ɗaya, ka kuma rufe su da gidan sauro.

In ka nace sai Atimiya, ka kiyayi masu ƙulla ta a leda. Wasu tsohon ƙwai ne da ya sha ɗumi, wasu har da yashi mai laushi a ciki, launinsu kusan ɗaya. Masu sayar da "irin Moyina" a gora ma, na ga wanda saikulof ne zalla. Ƙwan Atimiyar dai, karɓi ɗan kaɗan ka gwada tukuna, in ya ƙyanƙyashe washegari sai ka biya.