Dardumar Heris ta saƙar hannu: yadda na same ta bayan ta sha taku

Dardumar irin wadda ake kira Heris ce, sunan wani gari a arewa maso yammacin Iran, ba nisa da birnin Tabriz. Tsawonta mita 3, faɗinta mita 2. Gashinta ulu ne, zaren da aka ƙulla ulun a kai kuma auduga. Ta daɗe shimfiɗe a falona, yara sun yi birgima a kai, baƙi sun taka, an ja kujeru a kai, saboda haka yanzu ina da bakin magana. Ta biya ni, kuma da za a sake ba ni zaɓi ita zan sake ɗauka. Sai dai abin da ya sa ta biya ni daban yake da abin da dillalin ya yi ta kururutawa ranar ciniki.

Shi dillali, maganarsa ba ta wuce yawan ƙulli da ma'anar zane. Ƙullin kuwa na ƙirga da kaina ta baya: kusan 10 ne a murabba'in santimita ɗaya, wato kimanin ƙulli 600,000 a dukan dardumar, kowanne da yatsa aka ɗaura shi aka yanke. A duniyar darduma wannan saƙa ce mai kauri, ba ta cikin masu laushin zane. Dardumar Pazirik, wadda aka tono a 1949 daga wani kabari da ƙanƙara ta daskarar a tsaunukan Altai na Saberiya, tana da ƙulli kusan 36 a murabba'in santimita, alhali an saƙa ta ƙarni huɗu zuwa biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Ta Ardabil (wani birni a Iran) da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, mai ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, ƙullinta ya kai wajen miliyan 26. Tawa ko kusa da su ba ta zo ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage mini ba. Yawan ƙulli lanƙwasar fure da ganye yake fitarwa. Zanen Heris kuwa na kusurwa ne: babban tambari a tsakiya mai tsini-tsini, layuka miƙaƙƙu, ganye kamar an yanka da wuƙa. Irin wannan zane bai buƙatar ƙananan ƙulli, kuma kaurin shi ne ƙarfinsa.

Inda dardumar ta nuna kanta shi ne ulu da rini. Ulun yana da maiƙonsa na halitta, shi ya sa idan abin sha ya zube ba ya nutsewa nan take, sai ya tsaya a sama ɗan lokaci. Da farin tsumma da ruwan sanyi nake dannawa, ba gogawa ba, tabon ya tafi. Inda ƙafar kujera ta danne ya lotsa, ɗan danshi da taje wurin da yatsa kan tayar da gashin. Kafet ɗin roba na inji da na taɓa amfani da shi, da zarar hanyar wucewa ta kwanta a kansa, ta kwanta ke nan har abada.

Launinta ja ne irin na bulo, da shuɗi mai duhu, da fari mai ratsin ƙasa. Jan na saiwar wani tsiro ne da Farisawa ke kira ronas, shuɗin kuma na baba, in dai maganar mai sayarwa gaskiya ce. Abin da idona ya gani shi ne jan ba ɗaya ba ne daga wannan kai zuwa wancan. A wani wuri ya yi duhu, sai kuma wani ratsi ya ɗan yi haske, domin ulun da aka rina a tukunya ɗaya ya ƙare, masaƙiya ta ci gaba da na wata tukunyar. Akwai baƙon da ya ce mini ai ta koɗe. Ni kuwa wannan saɓanin ne ke hana ido gajiya da ita. Haka kuma gashin kwance yake ta fuska ɗaya, don haka idan ka tsaya a wannan gefe ka gan ta da haske, idan ka zagaya ɗaya gefen sai ta yi duhu. Duk mai shirin saye ya dube ta daga ɓangarorin biyu, kuma da rana, ba a ƙarƙashin fitilun kanti ba.

Batun ma'anar zane ne ban saya ba. An ce mini kowane ganye addu'a ce, kowace kusurwa labarin masaƙiya ne, har wani wuri da layin gefe ya karkace wai da gangan aka yi, don a nuna kamala ta Allah ce kaɗai. Magana ce mai daɗi, kuma kusan kowane dillalin darduma yana da ita a aljihu. Amma mace da ke saƙa a ƙauye, sau da yawa da ka, ga yara ga aikin gida, ba ta buƙatar ƙirƙirar kuskure. Wannan ba ya nufin darduma ba ta ɗaukar ma'ana. A jikin ta Ardabil an saƙa baitin mawaƙi Hafiz tare da sunan Maƙsud mutumin Kashan. Akwai dardumomin Farisa da aka zana su a siffar lambu mai kashi huɗu da magudanan ruwa a tsakani. Tutar Turkumenistan na ɗauke da tambarin darduma guda 5, na manyan ƙabilun ƙasar. Masaƙan Afganistan kuwa, bayan shigar sojojin Tarayyar Sobiyet a 1979, sun koma saƙa tankoki da jirage masu saukar ungulu a inda da ake sa furanni. Waɗannan ma'anoni ne da ido ke gani, ba sai an raɗa maka a kunne ba.

Ko a Dare Dubu da Ɗaya, dardumar nan mai tashi da Yarima Husaini ya saya ba wani kyan gani gare ta ba, har ya yi mamakin tsadarta. Bai kuma biya ba sai da suka hau shi da mai tallar, ta kai su masaukinsa. Gwajin mai saye na yau ya fi wannan sauƙi. Ka juya bayanta: ta hannu zanenta na fitowa ƙarara ta baya, ƙullin kuma ba ya zama daidai wa daida. Ka duba gezar: a ta gaske, ƙarshen zaren tsaye ne na jikin dardumar, ba ɗinka shi aka yi daga baya ba. Idan ka ga bayan an lulluɓe shi da ƙyalle, to cusa zaren aka yi da wata 'yar bindiga aka liƙe da gam, kuma idan gam ɗin ya tsufa sai ya riƙa zubar da gari. Sannan ka goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan jan, ka ga ko zai zuba.

A san kuma cewa sunan zane ba shaidar ƙasa ba ne. Ana saƙa zanen Heris a Indiya da Pakistan. Amurka ta hana shigo da dardumar Iran a 2010, ta buɗe ƙofa a 2016, ta sake rufewa a 2018, abin da ya ƙara wa masaƙan wasu ƙasashe kasuwa. Wasu daga cikinsu aikinsu na da kyau ƙwarai, sai dai a faɗa maka gaskiyar inda aka yi. Ga irin waɗannan, alamar GoodWeave na da amfani. Ƙungiyar ta samo asali ne daga Rugmark da Kailash Satyarthi ya kafa a 1994 don yaƙi da sa ƙananan yara aikin saƙa.

Aibinta fa? Da farko ta yi ta zubar da gashi, na'urar zuƙe ƙura na cika da ulu, kafin daga baya ta lafa. Tana da nauyi, mutum ɗaya ba ya naɗe ta ya ɗauka cikin sauƙi. A kan tayil tana zamewa, sai da na sa mata shimfiɗar roba a ƙasa. Ɓangaren da ke ƙarƙashin doguwar kujera kuwa sai an riƙa leƙawa, domin asu duhu da wurin da ba a taɓawa yake so. Ina kuma juya ta lokaci-lokaci don kada gefen taga ya fi sauran shan rana.

Wanda gidansa ke da danshi, ko yake son abin da zai wanke da ruwa da burushi duk mako, ya nemi ta roba, zai fi samun kwanciyar hankali. Abin da ya fara nuna gajiya a tawa shi ne ɗaurin gefe na wajen ƙofa, inda ulun da aka naɗe bakin da shi ya soma sincewa. Mai gyaran darduma ya sake naɗe wurin da allura, ya kuma gargaɗe ni in daina bin gezar da na'urar zuƙe ƙura, domin idan ta cinye, layin ƙullin farko ne zai fara warwarewa.