Land Cruiser 78 daga Kano zuwa Gembu: inda ta gajiyar da inda ta biya

Kamfanin Toyota ya fara ƙera jerin motocin Land Cruiser 70 a shekarar 1984, kuma har yau bai daina ba, alhali yawancin motocin da suka fito tare da su sun daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Wadda na gwada ita ce mai lamba 78, doguwar nan mai ƙofa ɗaya a kowane gefe da ƙofa mai ɓari biyu a baya, wadda ƙungiyoyin agaji kan mayar motar ɗaukar marasa lafiya, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Agadas ya san girman da direbobin hamada suke ba wannan iri. Mai ita ya cire dogayen kujerun baya, ya shirya ta domin doguwar tafiya: akwai kariyar ɗora kaya a sama ɗauke da tanti mai naɗewa da safaya ta biyu, akwai firji da batir ɗinsa na daban, da tankin ruwa, da akwatunan ajiya masu jawowa, da famfon ba taya iska, da na'urar jan mota mai igiyar ƙarfe a jikin bambar gaba.

Na zaɓi hanyar Kano zuwa Gembu ne domin ta haɗa kusan kowane irin titi da matafiyi zai iya haɗuwa da shi a Najeriya. Mun bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, muka wuce Gombe da Kaltungo, muka ƙetare Binuwai a Numan, sannan daga Jalingo muka nufi Bali da Serti, muka hau tsaunin Mambila ta Mayo Selbe. Tafiyar ta haura kilomita 1,000 a zuwa kaɗai, kuma mun yi ta ne a ƙarshen damina, lokacin da ƙasar kan tsauni ba ta gama bushewa ba.

A kan kwalta mai kyau motar ba ta da abin burgewa, kuma gara mai son sayenta ya san haka tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Injinta shi ne 1HZ, mai shan gas, mai silinda shida a jere da girman lita 4.2, ba shi da turbo (na'urar da take cusa wa inji iska domin ƙara masa ƙarfi), kuma ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba. Wannan ƙarfi shi ne zai ja motar da, idan an cika mata kaya da mai da ruwa, nauyinta yake kusantar tan uku. Tsakanin Bauchi da Gombe ta fi samun natsuwa a gudun kilomita 90 zuwa 100 a sa'a. Idan aka matsa mata fiye da haka, ƙarar inji da ta iskar da take bugun tantin sama sukan hana mutane biyu jin maganar juna, gudun kuwa ba ya ƙaruwa da wani abin a zo a gani. Wuce tirela sai da lissafi da haƙuri, domin dole direba ya sauko giya ta huɗu, wani lokaci ta uku, ya kuma tabbata ya hango hanya da nisa kafin ya fita. Wanda ya saba da ƙaramar mota mai tashi da zarar an taɓa totur zai sha takaici a rana ta farko.

Zaman cikinta ma ba na jin daɗi ba ne. Kujerun a miƙe suke, sitiyarin yana da ɗan wasa a tsakiya, giya biyar ce ta hannu, kuma kulocin yana da nauyin da ƙafar hagu takan ji a cunkoson gari. Na'urar sanyaya iska tana aiki yadda ya kamata a gaba, amma ɗakin baya ya fi ƙarfinta. Tun daga 1999 aka sa wa tayoyin gaba sifirin mai murɗe, na baya kuwa aka bar su a kan sifirin mai faifai irin na manyan motoci, shi ya sa idan babu kaya bayan yake ta tsalle kamar amalanken shanu a kan kunya. Kayan da muka ɗora sun tausasa ta sosai. A tsakanin Numan da Jalingo, inda ramuka suka ci kwalta, na fara ganin amfanin wannan tauri: ƙananan motoci suna ta kewaye-kewaye da tsayawa, mu kuwa muna ratsa yawancin ramukan a hankali ba tare da fargabar bugun ƙasa ba.

Abin da na fi yaba mata a wannan kashi na tafiyar shi ne tankunan mai. Biyu ne, kowanne yana cin lita 90, kuma da maɓalli ake sauyawa daga wannan zuwa wancan. A lissafina motar tana shan tsakanin lita 13 da 15 a kowane kilomita 100 da wannan kaya, wato cikon farko yana iya kai mutum nesa da Jalingo kafin ya fara tunanin gidan mai. Amfanin haka ya wuce rage tsayawa. Direba yana da damar sayen gas a babban gari, a gidan man da ya yarda da shi, maimakon ya dogara da na jarka a bakin hanya wanda ba a rasa ruwa ko kananzir a cikinsa. Injin 1HZ ya yi suna wajen jure gurɓataccen mai, domin famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta take sarrafa shi ba, amma juriya ba ta nufin a riƙa jarraba shi da gangan.

Bayan Serti, inda hedikwatar gandun daji na Gashaka Gumti take, hanya takan fara shiga duwatsu, kuma daga Mayo Selbe ake fara hawan da ya sa direbobi da yawa suke shakkar Mambila. Kwana ce bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya gefen. A nan rashin turbo ya fito fili. Injin da yake shaƙar iska da kansa yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 100, saman tsaunin kuwa ya kai kimanin mita 1,600 daga teku, don haka motar da dama can ba ta da ƙarfin gudu takan isa sama ta rasa wani kaso mai yawa na ɗan abin da take da shi. Mun yi yawancin hawan a giya ta biyu, salansa tana fitar da baƙin hayaki idan na danna totur da yawa. Sai dai allurar zafin inji ba ta motsa daga wurinta ba, motar ba ta yi tari ba, ba ta kuma nuna alamar za ta sare ba. A dawowa na fi gode wa injin, domin a giya ta biyu shi kaɗai yake riƙe motar a gangara, birki kuwa sai ɗan taɓawa kafin kwana. Mota mai wannan nauyi, idan aka dogara da birki kaɗai a irin wannan gangara, zai yi zafi ya daina kamawa.

Darajar motar ta bayyana ne bayan mun bar kwalta muka shiga hanyoyin ƙauyukan da suke kewaye da Nguroje da gonakin shayi na Kakara. Jar ƙasar wurin tana da santsi idan ta jiƙe, kuma ruwan damina ya yanka ta gida-gida. Kafin a shiga sai an sauka an murɗa makullan da suke cibiyar tayoyin gaba, sannan a dawo a ja ƙaramin sandan giyar taimako. Wasu za su ga wannan tsohon yayi ne, ni kuwa na fi natsuwa da abin da hannuna ya kulle fiye da abin da fitila ta gaya mini an kulle. Da muka rage iskar tayoyi muka sa taimako, sai motar ta zama wata daban: tana tafiya a hankali da ƙarfin da ba ya yankewa, ƙafafunta suna bin tudu da kwari ba tare da taya ta rataya a iska ba, kuma a wuraren da na tabbata sai mun sha turi ta fita ko santsi ba ta yi ba. Na'urar jan motar da aka kashe wa kuɗi ba mu yi amfani da ita don kanmu ba. Wata motar kaya da ta kafe a taɓo muka ja da ita.

A waɗannan hanyoyi ne kuma na fara ƙin kayan da aka ɗora a sama. Motar tun asali ta haura mita biyu a tsayi kuma ba ta da faɗi sosai, to da aka ƙara mata tanti da safaya a kan rufi, duk inda hanya ta karkace sai jikinta ya kwanta fiye da yadda hankali zai ɗauka. Shi kansa tantin, an tsara shi ne domin ƙasashe irin su Namibiya da Ostireliya, inda ake da wuraren yada zango da aka tanada, matafiyi ya tsaya a daji ya kwana. A wannan hanya babu mai hankalin da zai kwana a daji, kuma duk wanda muka nemi shawararsa, daga direbobin tasha har jami'an da suke shingen bincike, magana ɗaya suka yi: a shiga gari kafin magariba. Mun buɗe tantin a harabar masauki a Gembu domin gwaji. Katifarsa tana da daɗi, bai yi yoyo ba, amma sanyin tsaunin ya ratsa shi, kuma naɗe shi da safe yana jiƙe da raɓa aiki ne. Da motar tawa ce, da na sauke shi na shimfiɗa katifa a ciki, tunda tsawon ɗakin baya ya ishi babban mutum ya miƙe.

Sauran kayan sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Firjin da tankin ruwan sun biya kuɗinsu a zafin Numan, famfon iskar kuwa shi ne ya ba mu damar rage iska da mayar da ita ba tare da neman mai faci ba. Matsala ɗaya da muka samu daga aikin wanda ya haɗa batir na biyu ta fito, domin girgiza ta kwance wata waya firjin ya mutu. Wani mai gyaran wutar mota a Serti ya gano ta da ɗan kwan fitila da guntuwar waya, ya ɗaure ta cikin ɗan lokaci. Da ya buɗe gaban motar ya ce, "Alhaji, wannan ai ko a ƙauye ta tsaya ba za ka kwana ba," kuma ina ganin gaskiya ya faɗa, domin babu abin da yake cikin injin da bakanike mai gyaran motocin gas bai saba da irinsa ba.

Ga wanda tafiyarsa kashi tara cikin goma a kan kwalta take, Hilux ko Prado za su kai shi Gembu da sauri, da sauƙin mai, ba kuma tare da ciwon baya ba. Wannan mota ta ma'aikacin lafiya ce da likitan dabbobi da mai binciken ƙasa da duk wanda aikinsa yake farawa daga inda kwalta ta ƙare, kuma yake ɗaukar kaya masu nauyi zuwa can. A 2023 Toyota ta sabunta jerin, ta kawo inji mai silinda huɗu da turbo mai lita 2.8 tare da giya mai sauya kanta, wanda ya fi 1HZ ƙarfi ƙwarai kuma zai magance wahalar wuce tirela da ta hawan Mayo Selbe, sai dai yana bukatar gas mai tsabta da bakanike mai na'urar bincike. Mai neman tsohuwa kuwa, yawancin waɗanda suke kasuwa sun yi aiki mai tsanani kafin su iso hannun dillali, don haka ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa da alamar walda a jikin firam, ya duba ko mai yana tsiyaya a bayan tayoyin gaba, ya tayar da injin da sanyin safiya ya ga launin hayakin, sannan ya sauya bel ɗin da yake daidaita tafiyar inji kafin ya yi nisa da ita, ko da mai sayarwa ya rantse cewa sabo ne.