Gwazarma a ciyawar gida: maganin feshi ko tsutsar nematod?

Ciyawar da ake shayarwa kullum, sai ka ga wani gefenta ya yi jawur. Ka kama ka ja, ta taso kamar tabarma, babu saiwa. A ƙarƙashi ga gwazarma nan fara sol, mai jan kai, ta lanƙwashe. 'Ya'yan ƙwaro ne da ya yi ƙwai a ƙasar. Ba kowace gwazarma ke cin saiwa ba, ta juji ruɓaɓɓen taki take ci.

Maganin da aka fi sani shi ne imidacloprid. Ya fi kama gwazarma tun tana ƙarama, don haka a zuba da wuri, a bi shi da ruwa ya sauka inda saiwa take. Idan gwazarmar ta yi ƙiba, kusan asarar kuɗi ne. Abin da ya fi damuna da shi, yana kashe ƙudan zuma. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a gonaki da filayen waje a 2018.

Nematod kuwa tsutsa ce da ido ba ya gani, ana zuba ta a ƙasa don kashe gwazarma, musamman irin da ake kira Heterorhabditis bacteriophora. Tana shiga jikin gwazarma da ƙwayar cuta, cikin kamar kwana 2 gwazarmar ta mutu. Sai dai nematod tana son lallaɓawa: rana na kashe ta, sai da yamma ake zuba ta, ƙasa kuma ta zauna da danshi kamar mako 2.

A gidan da yara ke birgima a ciyawa, kaji na kiwo a kai, ni nematod zan zaɓa, ko da ɗawainiyarta ta fi yawa.