Man kaɗanya da hannun magini: abin da na gani a hunturun bana

Sana'ata gini ce, kuma duk wanda ya daɗe yana kwaɓa siminti ya san yadda hannu ke komawa idan hunturu ya kama. Fata ta bushe ta yi fari fat, gefen farce ya dare, gaɓoɓin yatsu su tsattsage har mutum ya kasa dunƙule hannu da asuba. Alwala da ruwan sanyi ma sai an cije. Bana na tsaya a kan man kaɗanya tun shigowar sanyi har fitarsa, shi ya sa nake so in gaya wa 'yan uwana birkiloli, masu buga bulo da leburori abin da ya yi mini da abin da ya gagare shi.

Ba sanyi kaɗai ke cin hannunmu ba. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, har ma ya fi shi: a ma'aunin pH, wanda ke auna tsami ko kaifin abu, yana kai 12 zuwa 13, alhali fatar mutum tana wajen 5. Yana wanke maiƙon da ke kare fata, yashi ya goge abin da ya rage, sannan iskar hunturu ta tsotse ɗan danshin da ya saura. Da yamma kuma da yawa cikinmu sai a wanke hannu da garin sabulun wanki, wasu har da kalanzir don fenti ya fita. Wace fata ce za ta jure wannan?

Ɗanyen mai na saya, wanda ba a tace ba, a wajen wata dattijuwa da ke saro shi daga Jihar Neja, inda itacen kaɗanya yake da yawa. Launinsa tsakanin fari da ruwan ƙwai, da ɗan warin hayaƙi. Da na tambaye ta yadda ake gane na kirki, sai ta lakato kaɗan ta ɗora mini a bayan hannu ta ce, "Ɗana, murza ka gani. Na gaske da zafin jikinka yake narkewa, ba ya barin tsaki-tsaki." Na ce, "Inna, warin fa?" Ta ce warin shi ne shaidarsa. Maganarta ta tabbata, domin a kasuwa akwai masu haɗa shi da wasu mayukan don ya yi auki.

Yadda ake shafawa shi ne rabin maganin, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Man kaɗanya ba ya zuba wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki yake yi. Idan ka shafa shi a kan busasshen hannu, ƙyalli kawai za ka gani. Ni bayan sallar isha'i nakan jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi na 'yan mintuna, in tsane su sama-sama da tsumma, in shafa man tun da sauran danshi, in cusa shi sosai tsakanin yatsu da gefen farce. Daga nan sai in zura tsohuwar safa ta auduga mai tsabta in kwanta da ita. Kafin mako ya zagayo farin nan ya ɓace, ƙananan tsagun sun haɗe, kaushin tafin hannu ya fara laushi. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na koma riƙe cokalin gini da safe ba tare da fata ta sake darewa ba.

Da rana kam ban ji daɗinsa ba. Yana sa santsi, guduma na zillewa, ƙura kuma na manne masa. Kaɗan nake shafawa a bayan hannu kafin in fita, sauran sai dare.

Inda ya gaza a wajena shi ne tsaga mai zurfi, irin ta kan babban yatsa wadda ke zubar da jini. Ita Vaseline ta fi dacewa da ita: a wanke wurin, a cike tsagar da Vaseline ɗin, a naɗe da filasta don kada ta buɗe a wurin aiki. Fata mai kauri sosai kuma, wani mai kemis ya nuna mini man da ke ɗauke da sinadarin yuriya kashi 10 cikin 100. Yana tausasa fatar da ta yi kanta fiye da kaɗanya, sai dai yana da tsada, kuma yana raɗaɗi ƙwarai idan ya shiga buɗaɗɗen ciwo.

Akwai wani abu da babu man da zai warkar da shi. Siminti na ɗauke da sinadarin kuromiyom, wanda jikin wasu ke ƙi bayan shekaru ana taɓa shi: hannu ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito. Tun 2005 Tarayyar Turai ta taƙaita yawansa a siminti saboda wannan cuta. Wanda ya ga haka a hannunsa, ko ya ga kumburi da mugunya, asibiti ya kamata ya nufa, ba kasuwa ba. Mai ciwon sukari ma kada ya yi wasa da ko da ƙaramar tsaga.

Man kaɗanya kam zan sake sayensa, kuma na riga na saya wa yaran da ke ɗaukar mini kwanon sarki. Yana da araha, ɗan kaɗan yana daɗewa idan an ajiye shi a rufe nesa da rana, kuma kuɗin na shiga hannun matan da suka sha wahalar tsinta, dafawa da niƙa. Amma tare da shi na saya musu safar hannu ta roba mai kauri, na kuma ce wanda simintin ya zubo masa a ciki ya cire ta nan take, ya wanke hannu da ruwa mai yawa kafin ya ci gaba da aiki.