Injin yankan ciyawa mai ganga biyu: abin da kaka biyu ta nuna a ƙasar Gombe

Duk wanda ke kallon bidiyon masu tarakta na Turai a YouTube ya san wannan injin. Ana rataya shi a bayan tarakta, ya miƙe ta hannun dama, ganguna biyu na juyawa, ciyawa na kwanciya kamar ana aski. Nawa ƙirar Turkiyya ne, faɗin yankansa mita 1.65, wuƙa uku a kowace ganga, kuma kaka biyu ke nan yana aiki a bayan Massey Ferguson 375 tsakanin Kumo da Dadin Kowa. Injin na da kyau. Sai dai filin da ake gani a bidiyo shimfiɗe yake kamar tabarma, namu kuwa kunya ce da kututture da suri, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Ƙarfin doki 75 na 375 ya yi masa yawa ma, tarakta mai 40 za ta ja shi. Abin da ke wahalarwa a ranar farko shi ne sandar da ke kai juyi daga PTO, wato ƙarfen da ke juyawa a bayan tarakta, zuwa injin. Da tsawonta take zuwa, dole a auna a yanke. A rataya injin, a ɗaga shi har inda tazarar ta fi gajarta, a raba sandar biyu a gwada su gefe da gefe, sannan a rage tsawo iri ɗaya a kowane ɓari, a goge bakin da zarto mai laushi a shafa giris. In aka bar ta da tsawo, ranar da aka ɗaga injin za ta tokare, abin da zai fashe kuwa ko boris ne ko gidan giya. In aka zarce wajen yanka, ta zare ana cikin tafiya. A tabbata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ɓarin biyu na cikin juna.

Juyi 540 a minti yake so, kuma a kai shi can kafin a shiga ciyawa. Direbobi da yawa sun saba rage wuta don tsimin gas, to a nan asara ce: wuƙar ba kaifi kaɗai take yanka da shi ba, da gudu take sara. Da zarar juyin ya sauka sai ta riƙa tsinkar ciyawa tana barin layi a tsaye, bel ya fara zamewa yana wari.

A fili mai kyau, da gudun kilomita 8 a awa, lissafi ya ba da hekta 1.3, amma in aka cire juyawa a bakin gona da tsayawa, hekta ɗaya a awa ita ce gaskiya. Mai lauje ya san kwana nawa wannan zai ci masa.

Yanzu ga inda na fi so mai niyyar saye ya tsaya. Ƙarƙashin kowace ganga akwai wata tasa da ke jan ciki a ƙasa, ita ke ƙayyade tsayin yanka, wanda bai wuce yatsu biyu zuwa uku ba. A gonar da aka yi wa huɗa, tasar kan hau kunya ta faɗa kwari, wuƙa ta sari ƙasa. Wuni guda ya isa ya dakushe wuƙaƙe shida, ga ƙasar da ke cakuɗuwa da ciyawar, dabba kuma ta ƙi ci. Filin da za a yanka da wannan injin tun farkon damina ake shirya shi: a bi da haro a baje, a tumɓuke kututture, a fasa suri, a tsince duwatsu. A baƙar laka irin ta wajen Dadin Kowa kada a shiga da tarakta ƙasa na da danshi, domin sawun tayar in ya bushe shi ma kunya ne. Akwai sakata da ke sakin injin ya koma baya idan ya daki abu mai ƙarfi, sai a ja tarakta baya ta sake kamawa. Tana aiki, amma na ga masu ɗaure ta tamau don wai tana yawan saki. Wannan neman karya ƙarfe ne.

A kyasuwa ba ni da abin cewa, yana share ta tas. Gamba kuwa sai an yi hattara da gindinta mai tudu, a ɗan sassauta sandar sama ta rataya don bakin gangar ya ɗago. Kuma a yanke ta kafin ta yi kara. Gambar da ta fitar da kai ta ƙosa ta zama ta zana, ba ta ingirici ba. Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, ruwa na ɗaukewa ciyawa na shirin fure, shi ne lokacin.

Harawar wake da ta gyaɗa kada ma a gwada. A kan kunya suke, sannan gudun wuƙa na kakkaɓe ganyen, alhali ganyen ne kuɗin.

Wani abin da bidiyo ba ya nunawa: gangunan na juyawa ne suna fuskantar juna, don haka sukan tara ciyawar a layi ɗaya mai kauri. Sama ta bushe, ƙasa na jiƙe. Sai an bi da manjagara an baje, a juya washegari bayan raɓa ta kaɗe. Kwana biyu zuwa uku na rana mai kyau sun isa kyasuwa. Kafin a ɗaure dami a murɗa tafi guda a hannu. In ya yi laushi da sanyi, da saura. Wanda aka tara da danshi zai ɗau zafi ya yi fumfuna a rumfa.

Kulawarsa ba ta da yawa. Giris a gaɓoɓin sandar juyi kowace safiya, a duba man giya, a danna bel da babban yatsa, in ya nutse sosai a ɗaure. Sabon bel na saki a kwanakin farko, kuma in ɗaya ya lalace duka ake canzawa. Wuƙar baki biyu ce da ita: in gefe ɗaya ya cinye, a mayar da na gangar dama zuwa hagu. Kada a sa sabuwa ɗaya cikin tsofaffi biyu, gangar za ta riƙa rawa ta ci boris. Wuƙar da mai walda ya yanko daga tsohon ƙarfen mota ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin in ta tsinke a wannan gudun harsashi ce. Tampol ɗin da ke rufe gangunan ma don tsakuwa aka yi shi, kada a cire, kuma a kori yara nesa, don ko an kashe PTO gangunan kan ɗau lokaci suna juyawa.

Wuƙaƙen ba ko'ina ake samun su a Gombe ba, bel ne kawai ke da sauƙi wajen masu kayan injin niƙa in an je da tsohon. Mai saye ya haɗo da kwali biyu na wuƙa da maƙalansu tun daga wurin dillali.