Sharhi kan asibitin fatar da muka kai Hajiya saboda ƙaiƙayi

Ga masu tambayata ko ganin likitan fata ya cancanci kuɗin da ake biya, ga abin da na gani a wani asibitin kuɗi a nan Kaduna. Mahaifiyata muka kai. Ƙaiƙayi ya hana ta barci wata da watanni, a baya da ƙafafu, kuma babu ƙurji ko ɗaya, sai sawun farce. An gwada abin da kowa ke gwadawa: Piriton daga kemis, sabulun salo, wanka da ganyen darbejiya, da wani man shafawa da maƙwabciyarmu a Tudun Wada ta kawo. Piriton barci kawai yake sa ta, ta farka ta ci gaba da susa.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitar ba ta yi saurin ɗaukar biro ba. Ta duba tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya ko za ta ga alamar ƙazuwa, ta tambaya ko akwai wani a gidan da ke susa da dare. Ta tambayi ko ƙaiƙayin bayan wanka yake tashi, ko Hajiya ta sha Chloroquine, wanda ya saba sa baƙar fata susa, ta kuma leƙa idonta ko akwai ciwon shawara. Sai ta ce, "Hajiya, da wannan suga da hawan jinin naki, yaushe rabon a auna miki ƙoda?" Hajiya ta juyo tana kallona.

Bayaninta ya shige ni sosai. Ƙaiƙayin da ya wuce mako 6 ba a ɗaukarsa da wasa, kuma idan fata ba ta nuna komai ba, ciki ake dubawa: ƙoda, hanta da hanyar maɗaciya, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, maƙoƙo, suga, cutar HIV, wani sa'in har kansar jini. Irin wannan ƙaiƙayin na cikin jiki, maganin alaji bai cika taɓa shi ba, shi ya sa Piriton ya gaza.

Gwajin jini ya nuna ƙodar Hajiya ta yi rauni. Nan take likitar ta hana ta Diclofenac da take sha don ciwon gwiwa, domin yana ƙara lahanta ƙoda, ta rubuta mana takardar ganin likitan ƙoda. Man maƙwabciya kuwa, da ta karanta jikin kwalin sai ta ga akwai Clobetasol a ciki, sinadarin nan da ake zubawa a mayukan bilicin, wanda ke sirantar da fata ya bar nankarwa. Ta ce a jefar. Ta rubuta maganin rage ƙaiƙayin mai suna Gabapentin, ɗan kaɗan da dare, tunda ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Sauran duk na gida ne: ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, a ajiye soson buhu, a yanke farce, a shafa Vaseline jiki na da danshi. Wanda ya san hunturun Kaduna ya san wannan na ƙarshen ba ƙaramin magani ba ne.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Likitar fatar ba kullum take zuwa ba, don haka layi ya yi tsawo, tsohuwa tana zaune a benci tun safe har azahar. Ba wanda ya faɗa mana kuɗin gwaji sai da muka isa wurin biya, kuma ya fi kuɗin ganin likitar nesa ba kusa ba. Maganin ma babu shi a ɗakin maganinsu, sai waje muka saya.

Ƙaiƙayin bai tafi gaba ɗaya ba, amma yanzu Hajiya tana barci. Kwanakin farko maganin ya sa ta jiri, sai an riƙe ta zuwa alwalar asuba, daga baya ya lafa. Wanda zai je ya fara kira ya ji ranar likitar, ya riƙe kuɗin gwaji daban, ya kuma zuba duk magungunan da mara lafiya ke sha ko shafawa a leda ya tafi da su, har na gargajiya.