Taya, pon ko inji: me mai fara tseren dirag zai fara saya a Maradi?

Duk saurayin da ya same ni da maganar tseren dirag, tambayarsa ta farko ba ta canzawa: me zan ƙara wa inji ya yi ƙarfi? Ni kuma sai in ce ya tashi motar in gani tukuna. Abin da nakan gani shi ne taya tana kuka, ƙura ta turnuƙe, motar kuwa tana nan inda take, sai bayan daƙiƙa guda ta fara jan jiki. Ƙarfin da yake da shi a hannu ma bai kai ƙasa ba, ga shi yana shirin ranto kuɗi ya ƙaro wani.

Tseren nan na tashi ne daga tsaye a kan miƙaƙƙen layi, kuma gajere ne: mita 402, ko rabinsa, mita 201. A Amurka, inda aka kafa hukumar tseren dirag ta NHRA a 1951, takardar da ake ba direba bayan gudu tana nuna lokacin da ya ci ƙafa 60 ta farko, wato kamar mita 18. Wannan lambar masu tseren ke fara dubawa, domin sun daɗe da lura cewa in ka rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a nan, ribar da za ka gani a ƙarshen layi takan kusan ninka hakan. Motar gida mai ja da gaba, da tayar kasuwa, takan ci wannan tazara a daƙiƙa 2.2 zuwa 2.4. Mai ja da baya da aka shirya da kyau tana iya sauka ƙasa da 2. Duk kuɗin da za ka kashe a farko, wannan mita 18 ɗin za ka kashe wa.

Sai dai mu tuna a ina muke. Filayen da ake gani a bidiyon YouTube ana fesa musu wani gam ne na musamman, ga robar dubban tayoyi ta kwanta a kai, har takalmin mutum na mannewa. Mu kuwa kwaltarmu ko dai hunturu ya shimfiɗa mata ƙura, ko iska ta kwaso mata rairayi, ko zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya dafa ta har ta yi santsi. Kayan da ke aiki can ba dukansu ke aiki nan ba, kuma wannan shi ya fi cinye kuɗin samari.

Abu mafi araha da ya fi komai amfani shi ne tsintsiya. Da gaske nake. Share mita 20 na farko, layi biyun da tayoyi za su bi, kafin kowane gudu. Bayanta sai ma'aunin iska naka na kanka, domin na mai faci ya sha faɗuwa ƙasa, kuma na wannan ba ya yarda da na wancan. Sai ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, da littafin rubutu.

Maganar auna lokaci akwai zaɓi biyu. Manhajojin waya kyauta ne, amma yawancin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke karanta wurin da kake, abin da kake nema kuwa bai kai rabin daƙiƙa ba. Ƙananan na'urori irin su Dragy da RaceBox suna karantawa sau 10 ko fiye a daƙiƙa, kuma suna ba ka lokacin ƙafa 60 kai tsaye a waya. Ba su da araha kuma sai an yi odarsu, amma ba dole kowa ya mallaki tasa ba. Ku yi karo-karo ku biyar ko shida ku sayi ɗaya. In babu abin awo, kunne da zuciya za su riƙa gaya maka cewa gudun da ya fi ƙara shi ya fi sauri, alhali sau da yawa tashin da ya fi shiru shi ne mai kyau.

Taya ita ce babbar magana, a nan zan daɗe.

Yawancinmu tayar hannu muke saye, irin wadda ake kawowa daga Turai. Ba laifi, amma ka durƙusa ka karanta gefenta kafin ka ciro kuɗi. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zane kamar sabuwa alhali robarta ta bushe ta zama kamar ƙirgi, rana irin tamu kuma tana hanzarta wannan. Danna farcenka a kanta. In bai shiga ba, bar masa abarsa. Ni dai wadda ta haura shekara biyar ba na sa ta a ƙafar da ke jan mota. Sannan ka duba ko akwai hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a ciki. Wannan tayar sanyin Turai ce, kuma suna da yawa cikin kayan da ake kawo mana. Masu sayarwa kan ce taɓa ka ji laushi, kuma gaskiya ne tana da laushi, sai dai an yi ta ne don ƙanƙara. A kwalta mai zafi ƙananan tsagoginta suna lanƙwashewa, ta yi ta zamewa, ta cinye cikin ɗan lokaci.

Mataki na gaba shi ne tayar bazara mai laushi ta motocin gudu. A gefen da yawansu akwai lambar jure ci, inda ta gida takan nuna 400 ko fiye, ta gudu 200, irin su Toyo R888R kuma 100. Galibi ƙaramar lamba tana nufin ƙarin riƙo da ƙarancin kwana. A ganina wannan ita ce ta dace da mai farawa a Maradi: tana riƙe kwaltar da ba a yi wa gam ba, ba ta neman dogon ɗumamawa, kuma za ka iya komawa gida a kanta. Biyu kawai kake buƙata, na ƙafafun da ke ja.

Sai tayoyin dirag na asali, irin Mickey Thompson ET Street da Nitto NT555R, da kuma suluɓ ɗin nan marasa zane na Hoosier. Su ne burin kowa, kuma a filin da aka shirya babu kamarsu, domin gefensu na lanƙwashewa ya shanye fizgar farko. A wurinmu kuwa, da robar ta yi zafi sai ta kwashi rairayi da tsakuwa ta manna a jikinta, ka koma kana tashi a kan yashi. Marasa zanen haɗari ne in ruwan damina ya sauka. In kuma aka yi dace suka kama da gaske, sai su nemi abin da ya fi rauni a ƙarƙashin motar su karya. Ajiye wannan sai ka ƙware.

Jant, wato ƙarfen da ake sa taya a kai, shi ma ana kuskure a kansa. Mai inci 17 ko 18 da siririyar taya yana da kyau a hoto, amma ya fi nauyi, kuma gefen tayar ba ya ba da kai. Inci 15 da taya mai tsayin gefe ya fi shi tashi, in dai ya shiga kan birkinka. Iska kuma, fara da abin da kamfani ya rubuta, wajen bar 2.2 a ma'aunin iska, ka riƙa rage 0.1 a ƙafar da ke ja kana rubuta sakamako. Tayar gida in ta sauka ƙasa da 1.6 ko makamancin haka tsakiyarta kan ɗaga, riƙon ya koma baya. Kada ka hau titi sai ka mayar da iskar.

Na taɓa karya kardan, wato sandar da ke kai juyi ga taya, a tashi na uku na wata safiya. Motar mai ja da gaba ce, kuma tun tashin farko take tsalle, tayoyi na dukan ƙasa dam-dam-dam har madubi na rawa, ni kuma ban ɗaga ƙafa ba. Da muka ja ta gareji, tsohon makaniken da ke duba mini ita ya zura ƙarfe ƙarƙashin inji ya ɗaga, sai ga injin na lilo a kan robobin da suka tsattsage. Na ce, "Baba, ai ina ganin kardan ɗin ne ba mai kyau ba." Ya ce, "Ɗana, kardan ba shi da laifi. Wannan robar da ka ƙi canzawa ita ta ci shi." Tun ranar nake gaya wa kowa: kafin ka yi mafarkin kaya masu tsada, canza robobin da ke riƙe inji da giya, canza silambulok, wato robobin mahaɗar ƙafafun mota, ka duba amortiser. Da ka ji tsallen nan kuma, saki totur nan take.

Irin motarka ke nuna inda kuɗi zai bi daga nan. Lokacin tashi nauyi baya yake komawa. Mercedes 190, BMW E30 da E36, da tsohuwar Peugeot 504 da 505 da baya suke ja, saboda haka wannan taimako ne a gare su. Corolla da Golf kuwa, ƙafar da ke ja ce nauyin ke gudu ya bari, don haka suna son baya mai tauri da ba ya durƙusawa, da but wanda babu komai a ciki. Fitar da akwatin sifika da jak da tarkace. Kilo 45 da ka sauke yakan ba ka kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ba ka biya ko dala ba.

In motarka na barin baƙin layi ɗaya tak a ƙasa, matsalar pon ce, wato abin da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu masu ja: yana tura juyi ga tayar da ta fi zamewa. Za ka samu mai ce maka a yi masa walda. Araha ce, kuma ƙafa biyun za su ja tare, amma motar za ta riƙa gurzar taya a kowace kwana, ta wahalar da kardan, ta yi wuyar sarrafawa in ƙasa ta jiƙe. Motar da kake kai iyali asibiti ko kasuwa ba a yi mata haka, mai ja da gaba kuwa ko kusa. Pon mai rage zamewa, wanda ake kira LSD, shi ya fi, kuma wasu BMW da shi suka fito daga kamfani. A irin na E30 za ka ga harafin S kafin lambar da ke jikin alamarsa. Ɗaga pon ɗin ka juya ɓangare ɗaya: in ɗayan ya bi shi gefe guda, alama ce mai kyau.

Kuloci mai ƙarfi sai in naka ya fara zamewa. Irin na tsere mai kamawa farat ɗaya yana hana mai koyo abin da ya fi buƙata, wato sakin ƙafa a hankali. Fara tashi wajen juyin inji 2,500 a minti. In taya ta zame, rage 200. In inji ya nutse, ƙara 200. Mai otomatik ya danne birki da hagu, ya ɗan taka totur da dama, amma daƙiƙa biyu ko uku kawai, don man giya na saurin zafi.

Akwai kayan da ba na yarda a yi ciniki a kansu: hular kwano sabuwa wadda ba ta taɓa faɗuwa ba, bel mai aiki, tukunyar kashe gobara da aka ɗaure inda hannu zai kai, da birki mai sabon mai. Wurin ma haka. Hanyar Zinder da ta Ɗan Isa na manyan motoci ne da ƴan kabu-kabu da amalanke da yara masu kora awaki, ba wurin gwaji ba ne ko da asuba. Ku nemi wuri a killace, da izinin hukuma da na mai wurin, ƴan kallo su tsaya bayan layin tashi. Kafin a kunna mota ko ɗaya, ku taka da ƙafa har ƙarshen inda za a tsaya, ku tabbata ya fi filin gudun tsawo, babu rami, babu tulin rairayi, babu hanyar da dabba za ta ɓullo.